Waƙafi Da Jerin Sakamako A Shafukan Intanet



Maganar da muka zo da ita yau ƙarama ce a ido, amma ta sha kayar da masu tsara shafukan intanet. Bari mu ɗauko misali daga Kasuwar Dawanau, wato babbar kasuwar hatsin nan ta Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa. A ce an sa ma'aikaci ya kwaso farashi daga wani shafi da ya jera gero, dawa, wake da riɗi, kowane suna kuɗin buhunsa na biye da shi. Sai ya rubuta umarnin querySelectorAll, ya ba shi mazaɓan CSS guda biyu da waƙafi a tsakaninsu, na farashi a gaba, na suna a baya. A zatonsa farashi huɗu ne za su fara fitowa, sannan sunaye huɗu.

Ina! Abin da zai samu shi ne gero, kuɗinsa, dawa, kuɗinta, har zuwa riɗi. Dalili kuwa, burauza tana bin rubutun shafin ne daga farko zuwa ƙarshe, kamar mai karɓar haraji yana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya dace da ɗayan mazaɓan sai ta ɗauke shi a inda ta tarar da shi, wanda ya dace da duka biyun kuma sau ɗaya take ƙirga shi. Waƙafin nan ma'anarsa "ko", ba ya ɗora wani gaban wani. A lura kuma, jerin rubutun HTML ake bi, ko da an sauya wa abubuwan mazauni a fuskar allo.

Haka hukumar W3C ta tabbatar a ƙa'idarta ta 2013. Masu wancan zato ma suna da ɗan uzuri, domin jQuery ta taɓa bin jerin mazaɓai kafin ta koma bin jerin shafi a 2009.

Abin tsoro a nan, a ganinmu, shi ne kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Idan ma'aikacinmu ya haɗa huɗun farko da huɗun ƙarshe, gero zai faɗa gurbin farashi a gaban wake, a miƙa wa dillali takardar banza. Gyaran kuwa, ko dai ya tambayi kowane mazaɓi daban, ko kuma, wanda muka fi so, ya kamo layin kowane hatsi tukuna, sannan ya zaro suna da farashi daga cikinsa.