Jirgin Lilo a Duniyar Wata

 

Yau daga bakin rijiya za mu fara. Kun san zurfin rijiyoyinmu. Wata sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya kafin guga ya fito. To, wa ke jan guga baya? Ƙasa ce da kanta. Tana jan kowane abu zuwa gare ta. Wannan ja shi muke kira nauyi. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana lissafinsa a shekarar 1687.

Jan nan ba na wasa ba ne. Dutsen da ya faɗa rijiya mai zurfin metir 20, cikin sakan 2 ya kai ƙasa. Gudunsa a lokacin ya kai kilometir 70 a awa, kamar na mota. Don haka in mutum na ciki yana yasa, kada ku bar ko tsakuwa a bakin rijiya.

A Turai da Amurka kuwa, an mai da jan nan abin nishaɗi. Akwai wani wasa da za mu kira jirgin lilo. Ƴan taragu ne bisa hanyar ƙarfe mai tudu da kwari. Taragun ba su da inji. Sarƙa ke jan su zuwa kan tudun farko, sai a sake su. Sauran aikin ƙasa ke yin sa. Mutane na ciki suna ta ihu, ga shi kuwa da kuɗinsu suka shiga!

To, a ce an gina shi a duniyar Wata. Ba wanda ya taɓa yi, amma lissafi ya nuna abin da zai faru. Jan Wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasarmu. Shi ya sa ƴan sama jannatin Amurka da suka sauka can a 1969 suke tafiya da tsalle-tsalle. Daga tudu mai metir 20, jirgin ba zai wuce kilometir 29 a awa ba. Doki ma zai tsere masa. In magini na son gudu irin na nan, sai ya ninka tudun sau shida, ya kai metir 120. Sannan dole ya ɗaure mutane da ɗamara sosai. In jirgi ya haye ƙaramin tudu da irin wannan gudu, ba jan da zai riƙe mutum a kujera.

Duniyar Mars, wadda malamanmu ke kira Mirrihu, janta bai kai rabin namu ba. Can tudu mai metir 53 ya isa.

Mushtari kuwa janta ya ninka namu sau biyu da rabi. A kwarin farko jini zai sauka ƙafafu, mutum ya suma. Ba ma ƙasar da za a kafa ƙarfe, don samanta iska ce zalla.

Ga aikin gida. Buhun gero mai kilo 60, in an kai shi Wata, nauyin kilo nawa mai ɗauka zai ji? Ku rubuta amsa, ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.