Littattafai Uku da Muka Karanta a Matazu Cikin Daminar Bana

Waɗanda ke bibiyarmu daga nan Matazu, da Musawa, da Malumfashi, da Funtuwa, har da 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai Kudu, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Manoma kuma sannunku da aiki, Allah ya sa a kai amfani gida lafiya.

Yau ba maganar katin zaɓe zan yi ba, ba kuma ta tsadar taki ba, duk da na san su kuka saba ji daga bakina. Maganar littattafan hikaya zan yi. Na san wani zai ce, haba malam, mutane na kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, kai kuma ka zo mana da tatsuniya? To ka ɗan yi haƙuri ka ji dalilina, in na gama sai ka yanke hukunci.

Tun farkon damina mu 'yan kaɗan muka fara haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar a zauren gidanmu. Akwai malamin firamare, akwai mai cajin waya, akwai ɗalibai biyu, sai ni. Muka ce kowane wata za mu ɗauki littafi ɗaya mu karanta, sannan mu zauna mu feɗe shi. Littafin ma kwafi ɗaya ne yake zagayawa hannu zuwa hannu, don wani abokina ne ke sayo mana daga Zariya. Ƙannenmu mata su ma suna karɓa su karanta a cikin gida, su aiko da nasu ra'ayin a takarda. Zuwa yanzu mun gama uku, kowanne da irin nasa.

Na farko shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Yawancinmu mun taɓa jin sunansa a makaranta, amma da na tambaya wa ya karanta shi daga farko har ƙarshe, mutum biyu ne kawai suka ɗaga hannu. Ga ɗan tarihinsa. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Abin da nake so matasan jiharmu su riƙe shi ne, an haifi Imam a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta wannan littafi. Ku lissafa da kanku, shekarunsa wajen 22 ke nan. Ya fi ni ƙuruciya nesa ba kusa ba. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939.

Labarin kansa na Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida neman wani ruwa da aka ce zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta yawo gari zuwa gari, yana karo da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Dariya kam mun sha ta. Hausar littafin kuma, wallahi sai ka ji kunyar irin wadda muke rubutawa a WhatsApp. Amma ba yabo kaɗai muka yi ba. Malamin firamaren nan ya ce shi abin da ya dame shi, tauraron labarin maƙaryaci ne, mai damfara, kuma mai karatu na tafa masa. Ɗaya daga cikin ƙannenmu ta aiko da takarda tana tambaya ina matan labarin suke, me ya sa ba su da ta cewa? Ni kuma na ce a duba lokacin da aka rubuta shi, da kuma irin hikayoyin Larabawa da Imam ya sha karantawa, inda mai wayo da dabara shi ne gwani. Ba mu daidaita ba, kuma hakan bai ɓata mana rai ba. Littafin da ya haura shekara 90 har yanzu yana iya haddasa musu a zaure, ai ya ci sunansa.

Na biyu, mun so mu karanta labarin bincike, irin wanda ake aikata laifi a ɓoye, wani ya bi sawu har ya gano mai shi. A Turai wannan fanni ya daɗe. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Agatha Christie ta rubuta irin waɗannan littattafai har 66, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu, Murder on the Orient Express, ya fito ne a 1934, shekarar da aka buga Ruwan Bagaja. A cikinsa jirgin ƙasa ya maƙale a dusar ƙanƙara, aka wayi gari an kashe wani fasinja, sai mai bincike Hercule Poirot ya zauna yana tambayar mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya, yana auna maganar wannan da ta wancan. Na karanta shi ina jami'a, na ba su labarinsa a zaure, amma ƙarshensa ban faɗa masu ba, ku ma ba zan faɗa maku ba.

Da yake ba kowa ke jin Turanci sosai ba a cikinmu, sai muka ɗauki na gida wanda ya fi kusa, wato Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1982. Kar ku ce na mai, wannan na ɗab'in littattafai ne. A shekarar ne kuma ya buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, shi ma ɗan Katsina, labarin ta'addanci da makamai bayan yaƙin basasa. Turmin Danya kuwa a kan fasa ƙwauri da cin hanci yake, yadda mai kuɗi ke saye waɗanda aka ɗora wa alhakin kama shi. Duk wanda ya san abin da ake faɗa game da hanyoyin kan iyakarmu da Nijar ba zai ji labarin baƙo ba ne. Mai cajin wayar nan da ya gama karantawa cewa ya yi, a cire shekarar da ke bango kawai, sai ka rantse jiya aka rubuta.

Sharhina a kansa shi ne, ba labarin gano mai laifi ba ne irin na Christie. A nan mai karatu ya san ɓarawon tun da wuri, abin jira shi ne ko za a iya taɓa shi. Na daɗe ina tunanin wannan bambanci. A can tambayar ita ce wa ya aikata? A nan kuwa kowa ya san wanda ya aikata, tambayar ita ce wa zai faɗa? Ina ganin akwai gurbi babba ga marubutanmu matasa, su rubuta mana labarin bincike na gaske da Hausa, mai hujja a kan hujja, wanda zai faru a kasuwar ƙauye ko a tashar mota.

Ga dalilin da ya sa na ce wannan ba wasa ba ne. Kwanakin baya wani saƙon murya ya zagaya wayoyin unguwarmu, ana cewa wani yaro infoma ne, wai an gan shi yana sayen burodi da yawa da katin waya. Kun san abin da irin wannan zargi ke jawowa a yankinmu yanzu, rai ake magana. Muna zaune a zaure aka kunna mana saƙon. Sai ɗaya daga cikin ɗaliban nan ya ce, tsaya, wa ya gan shi? Ran wace rana? Shi mai maganar da idonsa ya gani ko shi ma ji ya yi? Burodin ina aka kai? Muka tashi muka sami dattawan unguwa, aka bi diddigi a hankali. Ashe 'yan ƙwadago ne ke yi wa yayansa noma, shi ake aika ya kai masu abin karyawa. Ba na cewa littafi ne ya ceci yaron, dattawa ne suka tsaya, Allah ya saka masu. Amma waɗannan tambayoyi huɗu, a zauren karatu yaron nan ya saba da su. Kuma ba ina nufin babu masu kai wa ɓarayi rahoto ba, akwai su, sun kuma cuce mu. Don haka ma ya kamata mu iya bambance zargi da hujja, kar a huce a kan marar laifi mai laifin na gefe yana dariya.

Na uku shi ne ya fi ba kowa mamaki, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969. Da na ce masu akwai ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, na tafiya sararin samaniya, wasu sun ɗauka zolaya nake. Labarin wani yaro ne Kilba da ya haɗu da wata halitta daga wata duniya, Ƙolin Ƙoliyo, suka yi sama tare. Ku duba shekarar fa. A watan Yulin 1969 ne Neil Armstrong na Amurka ya taka duniyar wata. Wato lokacin da duniya ke kallon sama, akwai Bahaushen da ya ɗauki alƙalami ya ce mu ma ɗanmu zai je. Tabbas wasu sun riga shi, Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin tafiya wata tun 1865, kusan shekara 104 kafin a je. Amma namu namu ne.

Gaskiyar magana, littafin yana da rauni. Ɗan ƙarami ne, an yi shi ne don yara 'yan makaranta, kuma wani lokaci sai ka rasa gane kimiyya kake karantawa ko labarin aljanu. Sai dai abin da ya fi damuna ba raunin littafin ba ne. Shekara sama da 50 ke nan, kuma da wuya ka ƙirga irinsa da Hausa su cika yatsun hannu. Littattafan soyayya kuwa, tun zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, sun cika kasuwa, yanzu ma sun koma waya. Ba na raina su, su suka koya wa dubban mata da matasa karatun Hausa, wasunsu kuma sun taɓo auren dole da haƙƙin mata da ƙarfin hali. Amma al'ummar da ba ta rubuta labarin gobenta, wani ne zai rubuta mata. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta rubuta Lagoon a 2014, inda baƙi daga wata duniya suka sauka a Legas. Me zai hana su sauka a gonar auduga tsakanin Funtuwa da Malumfashi?

Masu aiko da tambaya kan yadda ake sharhin littafi, ga yadda muke yi, ba wani abu mai wahala ba ne. Da farko ka gama littafin, kar ka yi sharhin abin da ka tsaya a rabi. Sannan ka faɗi abin da labarin ya ƙunsa a taƙaice ba tare da ka tona ƙarshensa ba. Ka nemi sanin wa ya rubuta, yaushe, kuma su wa ya nufa da shi, don ba adalci ba ne ka auna littafin yara da ma'aunin na manya. In ka ce ya yi daɗi, nuna mana wurin. In ka ce bai yi ba, shi ma nuna wurin. Kuma littafin za ka soka, ba marubucin ba. Mu nan mun iya zagin mutum, sukar aiki ce ba mu saba da ita ba, shi ya sa ko a siyasa muhawararmu ke komawa gori.

Wani zai ce ina kuɗin littafi ana fama da na masara? Haka ne. Amma mu biyar kwafi ɗaya muke karantawa. Ku duba akwatunan iyayenku da suka yi makaranta a da, za ku sha mamakin abin da gara ba ta ci ba. Ku tambayi malaman Hausa na sakandaren garinku. Awa ɗaya cikin awannin da muke kashewa a TikTok ta isa babi biyu.

Kafin in rufe ga aikin gida. Ita tauraruwa mai wutsiya da aka fi sani, wadda Turawa ke kira Halley, ta bayyana a 1986, kuma masana sun lissafa za ta dawo a 2061. Kakanninmu in sun ga irinta cewa suke wani babban abu zai faru. To ina so kowane matashi da ke saurarena, mace ko namiji, ya rubuta shafi biyu kacal da Hausa: Matazu a daren da za ta dawo. Me ake nomawa? Ruwan sama na zuwa a kan kari? Ana kwana a gida ƙofa a buɗe? Ku turo ta akwatin saƙon wannan shafi, waɗanda suka fi burge mu zan karanta su da bakina a shiri na gaba. A wata mai zuwa kuma Shaihu Umar za mu ɗauka, mai kwafi ya taimaka ya ara wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya.