Sulhu Ko Shari'a: Darasi Daga Rikicin Bakassi



Alƙali yana iya yanke shari'a, amma ba kullum hukuncinsa yake kashe gaba ba. Idan aka tashi daga kotu, ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi, alhali kuwa gobe za su haɗu a kasuwa guda, ko su yi noma iyaka da iyaka. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana shari'a suka koma ga sulhu, watau a sami mai shiga tsakani wanda ba shi da ikon yanke hukunci, aikinsa kawai ya saurari kowa, ya kusanto da su har su daidaita da bakinsu.

Rikicin Bakassi ya isa misali. A 1994 ƙasar Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya Kotun Duniya a kan mallakar wannan yanki. Shekara 8 aka yi ana shari'a, sa'an nan ran 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta ba Kamaru gaskiya. To, amma hukunci bai janye soja ko ɗaya ba, bai kuma kwantar da hankalin masuntan da suka gaji zama a wurin ba. Sai da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zaunar da Shugaba Obasanjo da Shugaba Paul Biya, aka kafa hukumar haɗin gwiwa, kana aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka ran 12 ga Yuni, 2006. A cikinta aka tsara janye soja da kare haƙƙin mazauna, aka kuma miƙa yankin a Agustan 2008 ba tare da yaƙi ba. Kotu ta faɗi mai gaskiya, sulhu ne ya nuna yadda za a zauna bayan an faɗa.

Abin da ya faru tsakanin ƙasashe biyu, shi ne yake faruwa tsakanin manomi da makiyayi. Idan shanu suka yi ɓarna, dagaci da arɗo sukan je gonar, a ƙiyasta asara, a biya, kowa ya kama gabansa tun damina ba ta wuce ba. In da kotu aka nufa, kuɗin mota da ɗage zama kaɗai sun isa su cinye abin da ake jayayya a kansa.

Doka ma ta amince da wannan hanya. A 2002 aka buɗe zauren sulhu a cikin Babbar Kotun Legas, wasu jihohi suka bi sahu. A 2023 kuma aka kafa sabuwar dokar sasantawa ta tarayya, wadda ta maye gurbin ta 1988. Bisa ga wannan doka, yarjejeniyar da aka ƙulla ta hanyar sulhu tana ɗaure waɗanda suka sa hannu, ana kuwa iya neman kotu ta tilasta cika ta.

Duk da haka, sulhu yana da iyaka. Inda ƙarfi bai zo ɗaya ba, yakan zama danniya. Marainiyar da dattawa suka ba haƙuri ta bar gadonta, ba sulhu aka yi mata ba, cuta ce aka lulluɓe da sunan zumunci. Haka nan manyan laifuffuka irin su fyaɗe ba abin kashewa a zaure ba ne. Saboda haka wajibi ne ƙofar kotu ta zama a buɗe ga duk wanda bai yarda ba, gama sanin haka ne yake sa mai ƙarfi ya sassauta.

Ɗaliban da za su zama alƙalai da ma'aikatan da ke karɓar koke-koken jama'a, ya kamata su tambayi kansu abu biyu kafin su tura mutane kotu ko zauren sulhu. Shin waɗannan mutane za su ci gaba da zama tare? Shin mai rauni a cikinsu yana da ikon cewa a'a? In amsa ta zama i a duka biyun, to, a gwada sulhu tukuna, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya sa a dace. Wassalam.