Tsohuwar MGB ko Mazda Ta Hannu?

A Ingila, da zarar rana ta leƙo a watan Mayu, sai a ga ƙananan motoci masu kujera biyu sun fito titi an naɗe musu rufin tamfol. Mai sha'awar irin wannan mota, wanda aljihunsa ba shi da nauyi, yakan tsaya tsakanin biyu: ko tsohuwar MGB, ko Mazda MX-5 ta hannu.

Ita MGB an ƙera ta ne a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980, aka yi fiye da rabin miliyan. Injinta lita 1.8 ne, da kafireto biyu, kuma babu kwamfuta a cikinsa. Saboda haka mutum mai haƙuri da sifana yana iya gyara yawancin abin da ya lalace a ƙofar gidansa. Kayan gyaranta ba su da wuyar samu, har sabon gangar jikinta ana ƙerawa. Amma fa mota ce mai son lallashi. An yi injinta ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen mai na Birtaniya a 2000, don haka sai an gyara kan injin ko a riƙa zuba magani a tanki.

Ita kuwa MX-5, kamfanin Mazda na Hiroshima a Japan ne ya fito da ita a 1989, bayan ya nazarci irin waɗannan motoci na Ingilishi, ya kauce wa laifuffukansu. Tana tashi da safe ko ana sanyi, birkinta ya fi kamawa, rufinta kuma da hannu ɗaya ake ɗaga shi. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya.

To, sai dai doka ta fi tausaya wa tsohuwar. A Birtaniya motar da ta wuce shekara 40, in an yi mata rajistar motar tarihi, ba ta biyan harajin hanya, ba dole ba ne kuma a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara. An kuma yafe mata kuɗin hayaƙi na birnin London, watau fam 12.50 a kowace ranar da aka fita da mota, wanda tun 2023 ya game dukan unguwannin birnin. Mazda ta shekarun 1990 kuwa sai ta biya. Mazaunin London da ke fita da ita sau biyu a mako zai kashe fam 1,300 a shekara a kan wannan kaɗai.

Abokin gabarsu ɗaya ne, watau tsatsa, domin gishirin da ake watsawa a tituna lokacin hunturu yana cin ƙarfe. Dukansu biyu sukan ruɓe a ƙarƙashin ƙofa, inda ƙarfin motar yake, kuma walda a nan tana iya fin kuɗin motar. Mai saye ya durƙusa da tocila ya duba gindinta kafin fenti ya ruɗe shi.

Wanda ke neman motar zuwa aiki a wajen London, Mazda ce tasa. Wanda yake da gareji, da wata motar ta yau da kullum, kuma ba ya ƙyamar baƙin mai a hannunsa, MGB za ta biya masa bukata.