Mudun Wata Kasuwa: Awon Ruhi a Wurin Aiki



Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. A kan wannan nake so in yi magana, domin da yawa daga cikinku za ku raba takardun tambayoyi a ofisoshi kafin ku kammala digiri, waɗansu kuwa ku za a miƙa wa ku cika.

A shekarar 2000 waɗansu masana biyu, Ashmos da Duchon, suka fito da ma'aunin abin da suka kira ruhi a wurin aiki. Sun gwada shi a kan ma'aikatan asibitoci a Amurka, suka kasa shi gida uku: rayuwar zuci, da aiki mai ma'ana, da zumunci tsakanin abokan aiki. Yawancin masanan can suna raba ruhi da addini, watau mutum yana iya zama mai ruhi alhali ba ya zuwa masallaci ko coci.

To, a nan gizo yake saƙa. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce ko addu'a tana da muhimmanci a rayuwar mutum. A Amurka wannan tana iya bambanta ma'aikaci da ma'aikaci. Amma ku kai ta wata ma'aikata a Kano ko Zariya. Wane ne zai ce a'a? Mai riƙon amana da mai cin hanci duk amsa guda za su bayar. Tambayar da kowa ya amsa iri ɗaya ba ta auna kome ba. Sa'an nan abin da ma'aikacinmu yake nufi da ruhin aiki, watau cin halak, da amana, da neman albarka, babu gurbinsa a takardar.

Akwai dabarar da Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara takarda, wani dabam ya mayar da ita harshen asali, a kwatanta. Dabara ce mai kyau, sai dai kalmomi take gyarawa, ba tunanin da ke ƙarƙashinsu ba. Shi ya sa a 2009 Petchsawang da Duchon suka sake gina ma'aunin a ƙasar Tailan, inda addinin Buda ya fi yawa, suka shigar da tausayi da natsuwar zuciya.

Saboda haka roƙona ke nan. Kafin ka raba takarda, zauna da masinja da akawu da direba, ka ji da bakinsu abin da yake sa aiki ya yi albarka. Daga nan ka rubuta tambayoyinka, ka gwada su a kan mutane kaɗan tukuna. In ba haka ba, za ka tara alkaluma masu kyan gani, a tsara wa ma'aikata doka a kansu, alhali da mudun aro ka auna su.

 Allah ya ba mu sa'a.