Ɓeran da ba ya iya jira

Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, ba kullum taurin kai ke damunsa ba. Akwai lalurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, kuma ɓeraye sun taimaka wajen fahimtarta.

A Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, marigayi Farfesa Terje Sagvolden ya daɗe yana aiki da wani irin ɓera da aka samar a Kyoto ta Japan a 1963, asali don binciken hawan jini. Akan sa ɓeran cikin akwatin gwaji mai ɗan ƙarfe a bango. In ya danna, ɗigon ruwa ya fito. Muddin ruwan na zuwa a kai a kai, kusan ɗaya yake da sauran ɓeraye. Amma da an sa tazara, sai ya yi ta danne-danne ba kan gado, har bayan an ba shi alamar babu ruwa.

Sagvolden ya danganta hakan da sinadarin dofamin na ƙwaƙwalwa. Gaskiya ɓera ba yaro ba ne. Duk da haka ina roƙon malamai da iyaye, in irin wannan yaro ya yi abin kirki a yaba masa nan take, kada a ce sai ƙarshen zango.