Inda Hanyar Jirgi da ta Mota Suka Haɗu



Hausawa na cewa hanyar jirgi daban, ta mota daban. Amma akwai inda tilas su haɗu, watau mararrabar da titi ya ratsa layin dogo, kuma a kanta za mu yi magana yau.

Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964. Kakanninmu sun tashi da tsoron jirgi. Da sun ji kukansa sai su ja da baya. Daga bisani harkar jiragen ƙasa ta yi sanyi shekara da shekaru, har 'yan tireda suka baza kaya a kan layi, shingaye suka karye, ƙararrawa ta yi shiru. Yanzu jirgi ya dawo, an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021. Sai dai tsoronsa bai dawo tare da shi ba.

Mu tuna abin da ya auku a Ikeja ran 9 ga Maris, 2023. Wata bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin Jihar Ikko ta kutsa mararraba da safe, jirgi ya kwashe ta, aƙalla mutum 6 suka rasu. Hukumomi sun ce an yi wa direban alamar tsayawa, bai tsaya ba. Ma'aikata ne kamarmu, za su ofis.

Me ya sa jirgin bai ja birki ya tsaya ba? Domin ƙafarsa ƙarfe ce bisa ƙarfe, kamunta ba ya kai na taya bisa kwalta. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yakan ci fiye da kilomita 1 kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Ashe ke nan ceto yana hannun direban mota, da mai gadin shinge, da wanda aka ɗora wa gyaran mararrabar.

Wannan na ukun mu ne, ko yau ko gobe. Ramin da ke tsakanin ƙarafan dogo yana iya kashe mota a tsakiyar layi. Ciyawar da ba a sare ba tana tare wa direba gani. Takardar neman gyaransu kuwa teburinmu za ta zo. Duk ranar da muka tura ta ƙarƙashin tarin fayil, lalle muna da hannu a abin da zai biyo baya.

Saboda haka in mun riƙe sitiyari, mu tsaya, mu duba dama da hagu, mu saurara. In kuwa alƙalami muka riƙe, kada takardar gyaran mararraba ta kwana a gabanmu.